Alwalar Sale da Shayin Haladu

Haladu ɗan garinmu ne, tare muka yi makarantar allo. Shi ne ya tsaya gaban likita a Garwa ya rantse da Allah bai san abin da ya taɓa ƙodar ƙanina Sale ba, alhali da hannunsa ya yi. Bai tsaya nan ba, ya nuna ni ya ce maganin da na jiƙa ne. Ya kuma buga waya gida ya gaya wa Innarmu haka. Kwana uku na yi ina yawo da wannan magana a wuyana, a ƙasar da ban iya yarenta ba. Na rubuta wannan ne don wanda ya ji nasa ya ji nawa. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Sunana Isuhu, daga ƙasar Haɗeja, sana'ata gyaran injin ban-ruwa. Haladu ya daɗe a Kamaru yana haɗa wa masu gonakin shinkafa da albasa leburori a bakin Binuwai, wajen Lagdo. Shi ya kira ni ya ce injinansu sun fi ƙarfin masu gyaran can, in zo, in kuma taho da mai ƙarfin ɗaukar buhu. Sale magidanci ne da 'ya'ya uku, rani ya same shi ba aiki, na ce tashi mu je.

Ta Mubi muka bi. Darasin farko a hanyar Mayo-Oulo muka ɗauke shi. Mai babur ya sauke mu kafin shingen jandarmomi, ya ce mu zagaya ta bayan dutse da ƙafa, zai jira mu a gaba da jakarmu ɗaya. Har yau yana jiranmu. A cikin jakar nan akwai sifanonina da na yi shekara ashirin ina tarawa. Muka shiga garin da yamma, ƙafa duk ƙaya. Wani tsoho mai sayar da gyaɗa ya dube mu ya ce, “Jam na?” Gaisuwar Fillanci ce, mu kuwa ba ma ji. Ya yi dariya ya juya Hausa, ya ba mu ruwa da tabarma a rumfarsa. Sale ya ce, “Yaya, ƙasar nan ɓarawonta da mutumin kirkinta duk a hanya ɗaya suke zaune.” Sale akwai baki in ya ga dama, amma a gabana ba ya yawan sakin jiki. Na girme shi da shekara goma sha ɗaya, ni na riƙe shi bayan rasuwar Baba.

Daga nan garin Gidar, daga Gidar Garwa, daga Garwa gona. Zafin wurin nan ban taɓa ganin irinsa ba, ni da na fito daga Haɗeja. Ƙarfe in ka bar shi a rana, sai da tsumma za ka ɗauka. Leburori suna ce wa Haladu faturon, wato maigida. Kullum da sassafe shi da kansa yake dafa shayi a babbar tukunya, ba ya bari kowa ya taɓa. Suna ce wa shayin nan mai-ƙarfi, wai in ka sha, ciwon baya ba ya zuwa sai rana ta faɗi. Ni ina da gyambon ciki, shayi ba ya zama min. Kullum in an miƙo min kofina sai in miƙa wa Sale. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ni aikina yana bakin ruwa, ni kaɗai da injina uku. Abin da ya fi damuna shi ne rariyar bakin tiyo, wadda take hana shara shiga inji. Kusan kullum sai ta toshe, in ciro ganye, leda, da wasu takardu masu ƙyalli, in watsar a gindin wata giyayya ina zagin mutanen da ke sama da mu.

Wata na biyu, lokacin kwasar albasa, Sale yana ɗaukar buhu daga safe har yamma. Wata Laraba ya tashi da amai, jiki ba ƙarfi, ido ya yi wani iri. Na ce ciwon shawara ne. A garinmu in an ce shawara, saiwar rawaya ake jiƙawa, kuma ba a kai mutum a yi masa allura. Ina da ita a aljihun jakar da ta tsira. Na jiƙa na ba shi, safe da yamma. Ranar Juma'a fuskarsa ta kumbura, ƙafa ta kumbura, shaƙuwa ba ta tsayawa, ya fara kirana da sunan Baba. Nan na bar maganar allura, muka ɗora shi a bayan motar albasa zuwa Garwa.

Asibitin can, in ka kawo marar lafiya, kai ne gardi-malad, wato mai jinya: kai za ka yi wanki, kai za ka nemo abinci, kai za ka tsaya a ƙofa a kira ka. Kowa Fillanci da Faransanci. Na tsaya kamar gunki da takarda a hannu. Wata mata Kirista, Marta, 'yar kan dutse, mijinta yana kwance a ɗakin, ita ta karɓi takardar ta ja ni taga-taga. Hausar kasuwa take yi. Ta ce, “Baba, kar ka tsaya kamar an dasa ka, nan wanda ya yi shiru ba a ganin shi.”

Aka kai Sale ɗakin waɗanda ciwo ya yi wa tsanani. Likitar mace ce, gajera, ba ta da yawan fara'a. Ita ma ta iya Hausa, ta ce a gindin tiren uwarta ta koya a kasuwa. Ta fito ta same ni da Haladu, wanda ya iso da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Ta ce, “Ƙodarsa ta tsaya. Dattin da ya kamata ya fita da fitsari ya taru a jini, shi ya juya masa kai. Za mu sa shi a injin wankin jini yau, don akwai wani gishiri da ya hau, in ya ƙara hawa zuciya za ta tsaya. Amma wanki ba magani ba ne, jinkiri ne. Ina son in san me ya tsayar da ita.”

Na ce, “Ba ciwon ƙoda sunansa ciwon ƙoda ba?”

Ta ce a'a. Wai ƙoda tana tsayawa ta wuri uku. Ko jini bai isa gare ta ba, kamar mai gudawa ko wanda ya zubar da jini. Ko ita kanta wani abu ya ɓata ta a ciki. Ko kuma ta yi aikinta, hanyar fita ce ta toshe.

Wallahi duk da halin da nake ciki sai da na ji wani abu ya motsa a kaina. Na ce, “Likita, ai wannan injin ban-ruwa ne. Ko rijiya ta ja baya, ko farfela ta ci, ko tiyon gaba ya naɗe.”

Ta dube ni sosai, karo na farko. Ta ce, “To kai da wanne kake farawa?”

Na ce, “Da tiyon gaba, shi ya fi sauƙin dubawa.”

Ta ce, “Ni ma.”

Haka muka bi su. Aka sa masa roba a mafitsara, abin da ya fito bai cika kofin shayi ba, launinsa kamar ruwan kwata. Aka shafa masa wani mai a ciki aka ɗauki hoto, ta kira ni na gani a allo. Ni dai hazo na gani, amma ta nuna min wasu abubuwa biyu kamar wake, ƙodojinsa ke nan. Ta ce ba su cika da ruwa ba, ke nan gaba ba a toshe take ba. Ba su kuma tsuke ba, ke nan ciwon ba tsoho ba ne, na kwanan nan ne, kuma na kwanan nan yana iya warkewa. Wannan kalma na riƙe ta kamar igiya.

Sai rijiya. Aka yi masa ƙarin ruwa a hankali, tana sa abin sauraro a bayansa. Jini ya daidaita, fitsari bai zo ba. Ta tsayar, ta ce in ta ƙara, ruwan zai tafi huhu. Na ce haka ne, inji in ba ya ja, ɗura masa ruwa ba ya tashe shi. Saura farfela, wato ita kanta ƙodar.

A nan tambayoyi suka fara. Zazzaɓin sauro? An gwada, babu. Maciji? Ta sa aka duba har tsakanin yatsun ƙafarsa. Gudawa? Babu. Duka ko faɗuwa? Babu. Sai ta ce, “Me ya sha? Ƙwaya, allura, sassaƙe, komai. Kar ku ji tsoro, ni ba jandarma ba ce.”

Na ce rawaya, ban ɓoye ba. Ta juya ga Haladu, ta ce, “Kai ne maigidan aikinsu. A gona ana ba su wani abu?”

Ya ɗaga hannu ya ce, “Na rantse da Allah, madam, shinkafa da miya ne kawai. Wannan saiwar dai da yayansa ya ɗura masa, ni tun farko na ce a kawo shi asibiti.” Ƙarya, ko uffan bai ce ba.

Ta ce ita ba ta taɓa ganin rawaya ta yi haka ita kaɗai ba, amma ba ta ce ba ta yi, don saiwa ba a san awonta ba, ba a san da me aka haɗa ta ba. Washegari Inna ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, “Isuhu, na ba ka shi da ƙafarsa.” Ta kashe.

Kwanakin nan ban ci abin kirki ba. Marta takan ajiye min tuwon dawa da miyar yakuwa, ta ce, “Ci, Baba, in ka faɗi ba ni da gado na uku.” Ina zaune ina kallon jinin ƙanina yana fita ta wani tiyo, ya zagaya cikin inji, ya koma ta wani. Na tambayi mai kula da injin ina rariyarsa take, ya nuna min wata kwalba doguwa cike da zare. Na yi ta mamaki, ɗan Adam ya ƙera wannan ƙaton abu don ya yi aikin naman da bai kai dunƙulen hannu ba, kuma bai iya yi kamar shi.

Rana ta uku likita ta kai ni ɗakin gwaji ta ce in sa ido a madubin da ke nuna abin da ido ba ya gani. Ɗigon fitsarin Sale ne. Na ga wasu gutsattsari dogaye, launin laka. Ta ce wannan fatar ƙananan bututun ƙoda ce ta saɓule, irin abin da guba ko rashin jini ke yi. Amma ga jini kaɗan a ciki. Ta ce mai aikin fadama da wuya a rasa tsargiya a jikinsa, ita ma tana kawo jini, sai dai akwai wani ciwo da jiki yake juyawa ya yaƙi ƙodarsa, shi ma haka yake nunawa. In wannan ne, sai an ba shi magani mai ƙarfi da wuri, in an makara ƙoda ta tafi ke nan. In kuma ba shi ba ne aka ba shi, maganin zai karya masa garkuwa, ga shi kwance da robar wankin jini a wuya, ƙwayar cuta kaɗan ta ishe shi. Hanyar tabbatarwa ita ce a tsinko ɗan naman ƙodar a duba, wannan kuwa sai Yawunde, kuma ba ta ga alamar zai kai ba.

Ta ce, “Ina da kwana biyu in zaɓa. Ka ba ni labari daidai. Yaushe fitsarinsa ya tsaya, kafin rawaya ko bayanta?”

Na ce, “Likita, ƙanina ne. A wurinmu wa ba ya tambayar ƙaninsa wannan, ƙani kuma ba ya faɗa.”

Ta ce, “To kunyarku tana neman kashe shi.” Sale kuwa a lokacin bai san inda yake ba, balle a tambaye shi.

Da azahar na je famfon masallacin asibiti na cika buta. Na tsuguna ke nan sai na tsaya da butar a hannu. Buta ɗaya muke amfani da ita ni da Sale a gona, ni nake cika ta. Kuma na tuna tsokanar da leburori suka yi ta yi masa. Ranar Lahadi aka kira azahar, kowa ya zagaya bayan gona da buta, Sale ya ce yana da alwala. La'asar, yana da alwala. Magariba, yana da ita. Litinin haka, Talata haka. Suka sa masa suna Waliyyi, wani yana cewa a taɓa rigarsa a samu albarka. Ni kuwa, jakin duniya, har daɗi na ji a raina, na ce yaron nan ya fara natsuwa. Mutum yana shan ruwa yana kwana uku bai zagaya ba, mu muna yaba masa ibada.

Ban yi sallar ba sai da na samu likita. Ba sai na yi mata bayanin alwala ba, cikin Musulmi ta tashi. Ta ƙirga da yatsa: Lahadi, Litinin, Talata, rawaya Laraba. Ta ce, “Saiwarka a kan gawa ta faɗo. Wataƙila ta ƙara, amma ba ita ta fara ba. To me yake ci wanda kai ba ka ci?”

Na ce tukunya ɗaya muke ci. Sai na ce, “Shayi.”

Ta ce, “Shayi ba ya tsayar da ƙoda.”

Na ce, “Wannan yana hana ciwon baya.”

Muka dubi juna. A nan takardun nan masu ƙyalli suka faɗo min a rai. Wurin da Haladu yake dafa shayi yana sama da injina, a bakin hanyar ruwa ɗaya.

Da sassafe na bar wa Marta amanar Sale na hau mota. Ban bi ta rumfar leburori ba, na zagaya gindin giyayya. Suna nan a inda na yi ta watsar da su, cikin busasshen ganye. Katin ƙwaya ne, an ɓalle duka, wasu rana ta cinye rubutun, wasu da saura. Na cika leda na juyo. Kafin la'asar na zube su a teburinta.

Ta ɗauka tana karantawa, tana ware su kashi biyu. Ta ce duka maganin ciwon gaɓoɓi ne, iri biyu amma dangi ɗaya. Ta yi min bayani, kuma na gane. Wai in mutum ya yi gumi jininsa ya ragu, ƙoda tana da wata dabara ta buɗe hanyarta don jini ya ci gaba da shiga. Wannan ƙwaya ita take hana buɗewar. Mai hutawa a inuwa zai sha ya tashi lafiya. Mai ɗaukar buhu a wannan rana, kullum, wata biyu, ba a san ko guda nawa ke cikin kofi ba, wannan inji ne aka bar shi yana gudu ba ruwa.

Na ce, “Kofi biyu yake sha. Nasa da nawa.”

Ba ta ce min “ba komai” ba, kuma na gode mata da ba ta ce ba. Ta ce, “Ba zan rantse ba, amma yanzu labarin da abin da na gani a madubi sun zama ɗaya. Ba zan ba shi mai ƙarfin ba, ba Yawunde. Za mu yi wanki mu jira. Sauran leburorin kuma a kawo min su.”

Jiran nan ya fi komai tsawo. Kowace safiya idona a kan jakar da ke rataye a gindin gado. Ni da na yi shekara hamsin ban taɓa kallon fitsarin wani ba, na zama ina durƙusawa ina duba layin awo kamar mai duban wata. Rana ta tara ya ɗan haura. Ta goma sha ɗaya jakar ta cika har aka sauya. Marta ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗaki, ma'aikata suka zo da gudu suna zaton mutuwa aka yi. Sale, wanda hankalinsa ya dawo, ya ja zane ya rufe fuska.

Na ce, “Waliyyi, me ya hana ka gaya min?”

Ya ce daga cikin zanen, “Yaya, ta ina zan fara?”

An sallame shi bayan sati uku. Yana raye, ƙodar ta tashi, amma likita ta ce buhu da shi har abada, kuma duk ƙwayar ciwon jiki haram ce gare shi. Mutumin da ƙarfinsa ne abincin 'ya'yansa. Ta rubuta takarda zuwa hukuma a kan maganar gonar, ban san inda ta kwana ba.

Kafin mu kama hanyar gida na koma gona ɗaukar tabarmarmu. Na isa da sassafe, leburori suna zaune, tukunya a wuta. Haladu ya taso da fara'a, “A'a, Malam Isuhu, ya mai jiki? Ai mun yi ta addu'a.” Ban ba shi hannu ba. Na ɗauki kofi biyu na cika daga tukunyarsa na ajiye a gabansa.

Na ce, “Sha. Ɗaya na Sale, ɗaya nawa.”

Ya ce, “Haba Isuhu, ai na daina sawa. Kuma taimako ne, su suke kukan ciwon baya, kowace gona ana yi.”

Na ce, “In ka daina, sha.”

Ya dubi kofin, ya dubi mutane, ya ce, “Ka san ina da hawan jini.”

Na ce, “Ashe ka san abin da yake yi. To ji nan, Haladu. Ƙwayar da ka zuba, tsakaninka da Allah da waɗannan bayin nasa da suke jinka. Kofin da na yi ta miƙa wa ƙanina, wannan nawa ne, zan ɗauke shi har kabari, ban ce ka taya ni ba. Amma matar nan ta tambaye ka yana kwance yana kiran sunan ubanmu, kalma ɗaya za ka faɗa, ka zaɓi ka rantse. Ka bar ni ina tonon shara in nemo abin da ke cikin aljihunka. Ga waya, na buga, Inna ce take ɗauka. Da bakin da ka gaya mata ni ne, da shi za ka gaya mata kai ne, a gaban mutanen nan. Bayan wannan, in ka ji na mutu, a Haɗeja ko a ina, kada ka bi gawata.”